Rajistar sauye-sauye: makomar fayil da aka goge da wanda ba a shigar ba

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya, ko na adashe, ko na bankin cimaka, ya san rubutu ba ya zama kamar yadda aka fara shi. Yau a ƙara suna, gobe a soke wani, jibi a gyara adadin buhuna. Idan littafin guda ne, kuma hannu guda ke rubutu a cikinsa, abin da sauƙi. Wahala tana somawa ne sa'ad da littafin ya zama kofi uku ko huɗu, kowanne a gari dabam, kowanne kuma da nasa marubuci. Wanne ne na gaskiya? Sunan da babu shi a wannan kofi, soke shi aka yi da gangan, ko kuwa tun fari ba a rubuta shi ba?

Masu aikin kwamfuta sun daɗe da cin karo da wannan matsala, har suka ƙago mata tsari na musamman, wanda za mu kira rajistar sauye-sauye. Wannan shafi zai bayyana muku yadda tsarin yake yi da abubuwa biyu da suka fi rikita mutane: fayil da aka goge, da fayil da ba a taɓa shigarwa cikin rajista ba. Ko ba ku taɓa zama gaban kwamfuta ba, batun ya shafe ku. Sunayen iyalanku da ma'aikata suke ɗauka a salula, da hotunan da ke cikin taku salular, a bisa irin wannan ƙa'ida suke tsira ko su ɓace.

Kalmomi uku tukuna

Fayil shi ne duk wani abu da aka ajiye cikin na'ura da suna guda: rubutu, ko hoto, ko murya, ko bidiyo. Uwar garke ita ce babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, wadda sauran na'urori suke kai mata ajiya, suke kuma ɗaukowa daga wurinta ta hanyar intanet. Sau da yawa tana wata ƙasa mai nisa, kuma ma'aikata guda takan mallaki fiye da ɗaya. Rumbu kuwa shi ne tarin fayilolin aiki guda, haɗe da tarihin duk canjin da aka taɓa yi musu.

Misali daga gida: takardar gona

Kafin mu shiga cikin na'ura, bari mu fara da abin da kuka sani. A ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin mallakar gona da makiyaya da ruwa. Daga wannan doka aka samu kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo. Akwai na gari a ƙarƙashin maigari, akwai na ƙaramar hukuma, akwai kuma na gunduma. Ga mutumin ƙaramar hukumar Babankatami, tsanin yana tashi ne daga garinsa, zuwa Babankatami, zuwa Buza. Haka mutumin ƙasar Madawa ko ta Keita yake da nasa tsani.

Idan an sayar da gona, ko an ba da ita kyauta, ko haya, ko aro, ko jingina, ana iya zuwa gaban kwamiti da shaidu a rubuta takarda. Ba kofi ɗaya ake yi ba. Masu yarjejeniya suna riƙe nasu, kwamiti yana ajiye nasa, ana kuma aika wa na sama. Hikimar a fili take: gara tana cin takarda, ruwa yana jiƙa ta, wuta tana ƙone ta. A watan Janairu 2012 gobara ta tashi a ma'aikatar shari'a a Yamai, ta cinye tarin takardu na shekaru masu yawa. Abin da ba shi da kofi a wani wuri ya tafi ke nan.

To, ku dubi gonaki biyu. Ta farko an jinginar da ita, an kuma rubuta. Bayan damina biyar mai gona ya biya kuɗin, ya fanshi abinsa. Sakatare mai hankali ba ya yage shafin jingina. Sabon rubutu yake yi: rana kaza, gaban wane da wane, an fanshi gona kaza. Jinginar ta ƙare, amma tarihinta yana nan. Sai dai idan labarin fansar ya tsaya a gari, bai kai Buza ba, wanda ya buɗe kofin Buza zai ga gonar tana hannun mai jingina har yanzu.

Ta biyu aro ce, baki da baki, tsakanin aminai biyu, shekara talatin da suka wuce. Babu rajistar da ta san da ita. Kome daidaiton kofin gari da na Buza, ba za ku sami wannan aro a cikinsu ba. Ranar da aminan da shaidunsu suka riga mu gidan gaskiya, ƴaƴa ne za su tsaya gaban sarki, kowa da nasa labari.

Gona ta farko ita ce misalin fayil da aka goge. Ta biyu ita ce misalin fayil marar rajista. Ku riƙe su a zuciya, domin abin da na'ura take yi bai wuce wannan ba.

Inda tsarin ya samo asali

Tun a 1972 wani injiniya mai suna Marc Rochkind ya rubuta irin wannan manhaja a ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka. Wasu suka biyo baya, kamar Subversion da aka soma a shekarar 2000, wadda take ajiye tarihi duka a uwar garke ɗaya tak. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce Git. Linus Torvalds, ɗan asalin ƙasar Finlan, shi ya rubuta ta a watan Afrilu 2005, domin ɗimbin mutanen da suke haɗa hannu wajen gina Linux, wato ginshiƙin manhajar da salula mai Android take tsaye a kai. Salular da ke aljihunku ma da irin wannan rajista aka gina cikinta.

Abin da ya bambanta Git shi ne, kowane kofi na rumbu yana ɗauke da tarihin duka, tun daga ranar farko. Mutum yana iya aiki a ƙauyen da babu layin sadarwa, ya shigar da gyare-gyarensa, sai ranar da ya shiga gari ya tura su. Aikin mataki-mataki ne. Da fari mutum ya gyara fayil a na'urarsa. Sannan ya shigar da gyaran cikin rajista, inda za a rubuta sunansa da rana da dalili, a kuma ba shigarwar lamba mai haruffa da alƙaluma 40. Sannan ya tura zuwa uwar garke. Daga nan abokan aikinsa su ɗauko. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ke faruwa da kansa.

Fayil mai rajista idan an goge shi

A ce ƙungiyar manoman albasa tana da sakatare a Babankatami da ma'aji a Madawa, kowannensu da kwamfuta, suna kuma da rumbu a uwar garke. A cikin rumbun akwai jerin bashin taki na bara. An gama biya, sai sakatare ya goge jerin daga kwamfutarsa.

A wannan lokaci babu abin da ya canja a ko'ina sai a teburinsa. Git za ta lura, ta nuna masa cewa fayil kaza ya ɓace, amma uwar garke ba ta da labari, ma'aji ma haka. Idan kuskure ne, da umarni guda zai maido da jerin daga rajista. Idan kuwa da niyya ne, sai ya shigar da gogewar. Ku lura da wannan sosai: a wurin Git, gogewa ma rubutu ce. Ba a yage shafi. Ana ƙara sabon layi ne mai cewa, daga yau fayil kaza ya fita, wane ne ya fitar da shi, ga dalili.

Idan sakatare ya tura wannan layi, ma'aji kuma ya ɗauko, jerin zai ɓace daga teburin ma'aji, ba tare da ya taɓa shi ba. Mutane da yawa sukan firgita a nan, su ce na'ura ta cinye musu aiki. Ba ta cinye ba. Jerin yana kwance cikin tarihi a wurare uku: Babankatami, Madawa, da uwar garke. Bayan shekara biyu, idan wani manomi ya zo yana cewa an karɓi kuɗin taki sau biyu a hannunsa, ana iya buɗe jerin kamar yadda yake a ranar da aka rufe shi.

Idan kuma ma'aji bai ɗauko ba, wata uku ko shekara, jerin yana nan a gabansa kamar ba a yi kome ba. Shi ne kofin Buza da labarin fansa bai kai gare shi ba.

Akwai kuma halin da hannu biyu suka yi karo. Sakatare ya goge jerin, a makon nan kuma ma'aji ya ƙara suna a cikinsa, domin ya gano wani bai gama biya ba. Sa'ad da aka zo haɗa aikin biyu, Git ba ta zaɓar gwani. Tana tsayawa, ta ce akwai saɓani: wannan ya goge, wancan ya gyara, sai ku yanke. Wannan tsayawa ba lalacewa ba ce, kuma kuskure ne a nemi hanyar tsallake ta da ƙarfi. Salula za a ɗauka, mutum biyu su yi magana.

Tarkon da ke kama har ƙwararru

Akwai wani hali da ya cancanci a daɗe a kansa, domin yana yi wa ma'aikata ɓarna ƙwarai. Wani lokaci mutum yakan so fayil ya fita daga rajista amma ya zauna a na'urarsa. A ce fayil ne mai ɗauke da saitin kowace kwamfuta, wanda ya kamata kowa ya riƙe nasa dabam. Git tana da umarnin yin haka: ta daina bin sawun fayil, ta bar shi a teburin mai shi.

Sakatare ya yi haka, ya duba, ya ga fayil ɗinsa yana nan lafiya. Hankalinsa ya kwanta, ya tura. Amma abin da ya shiga rajista layi ɗaya ne: fayil kaza ya fita. Maganar "a bar mini nawa" ba ta shiga ba, domin tsakaninsa da kwamfutarsa ce kawai. Duk na'urar da ta ɗauko wannan layi za ta ɗauke shi a matsayin gogewa, ta kawar da nata kofin. Idan a cikin masu ɗaukowa akwai uwar garken da aikin ƙungiya yake gudana a kanta, aiki yana iya tsayawa cik, shi kuwa wanda ya jawo abin yana kallon allonsa yana rantsuwa bai goge kome ba. Gaskiya ya faɗa ta fuskar teburinsa, amma ba ta fuskar rajista ba.

Maganin ba shi da wuya. Kafin a yi irin wannan cirewa, a sanar da kowa, kowa ya kwafe nasa gefe, ya mayar bayan ya ɗauko. Wanda ya riga ya rasa nasa, ya ɗauko tsohon daga tarihi.

Fayil marar rajista

Sabon fayil ba ya shiga rajista don kawai an ajiye shi kusa da sauran. Sai an gabatar da shi. Kafin nan Git tana ganinsa, tana ma ambatar sunansa cikin jerin baƙi idan an tambaye ta halin da rumbu yake ciki, amma ba ta ɗaukar nauyinsa. Ba ya tafiya idan an tura. Wanda ya ɗauki sabon kofin rumbu ba zai same shi ba. Idan an ɗauko gyara daga uwar garke, ana barinsa inda yake. Idan ya ɓace, babu tarihin da za a maido shi daga ciki. Shi ne aron gona na baki da baki.

Wasu fayiloli da gangan ake barinsu a waje: kalmomin sirri, manyan bidiyo, da tarkacen da na'ura take haifarwa tana aiki. Ana rubuta sunayensu a wani jeri na ƙyalewa mai suna .gitignore, domin Git ta daina ambatarsu. Abu biyu ya kamata ku sani game da jerin nan. Na ɗaya, sa suna a cikinsa ba ya fitar da fayil da ya riga ya shiga rajista. Na biyu ya fi haɗari. Idan fayil ya taho daga uwar garke, ya tarar da baƙo mai suna irin nasa, Git takan tsaya ta yi gargaɗi, ba ta danne baƙon. Amma idan wanda ya tarar yana cikin jerin ƙyalewa, tana ɗaukarsa abin banza ne, ta danne shi ba sallama. Jerin ƙyalewa ba asusun ajiya ba ne, kusurwar shara ce.

Sai kuma tsintsiya. Akwai umarni mai suna git clean, wanda yake share fayiloli marasa rajista. Abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara, ba ya kuma cikin tarihi. Saboda haka ne masu Git suka sa ba ya aiki sai an tilasta masa, suka kuma yi masa hanyar gwaji, wadda take nuna abin da za a share ba tare da an share ba. Wanda ya yi sharar nan a uwar garke bai yi gwaji ba, yana iya kwashe hotuna da takardun da jama'a suka shekara suna aikowa, domin irin waɗannan galibi ba sa cikin rajista.

Uwar garke biyu, labari biyu

Daga abin da ya gabata za ku gane wani abu mai ban mamaki. Na'urori biyu suna iya cewa sun yi daidai da rajista, kuma duka gaskiya suka faɗa, alhali abin da ke cikinsu ya bambanta. Rajista tana auna abin da ta sani ne kawai. Abin ya fi muni inda ake kwafe fayiloli da hannu daga wata na'ura zuwa wata, domin kwafi ƙarawa yake yi, ba ya ragewa. Abin da aka goge a tushe yana nan zaune a inda aka kai kofi, shekara da shekaru.

A ranar 1 ga Agusta 2012 wani kamfanin cinikin hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya ɗanɗana wannan. Yana da uwar garke takwas masu aiki iri ɗaya. An sa sabuwar manhaja a bakwai, aka tsallake ta takwas, wadda take ɗauke da wani tsohon tsari da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a kawar ba. Da kasuwa ta buɗe, tsohon tsarin ya farka, ya dinga saye da sayarwa ba linzami. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan 400.

Labari na biyu ya fi kusa da batunmu. GitLab kamfani ne da sana'arsa ita ce ajiye wa mutane rumbunan Git. A ranar 31 ga Janairu 2017, da dare, wani injiniyansa ya so ya share ma'ajin bayanai a uwar garke ta biyu domin ya sake cika ta. Ashe a kan ta farko yake. Kafin ya farga ya tsayar, daga kimanin giga 300 abin da ya rage bai kai giga 5 ba. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana, aka tarar ba sa aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su wani kofi ne da aka ɗauka kimanin sa'a shida kafin nan, don wata bukata dabam. Aikin sa'o'in nan shida ya salwanta, har da rajistar sababbin masu amfani kusan 700. Amma ku lura: fayilolin da ke cikin rumbunan Git ba su ɓace ba. Abin da ya ɓace shi ne abin da ke wajen rumbu, wato tattaunawa da bayanan da ke kewaye da aikin. A gidan masu rajista ma, abin da bai shiga rajista ba shi wuta ta ci.

Abin da ba ya goguwa

Wannan riƙon tarihi da muke yabo yana da nasa kaifi. A ce ma'aji ya shigar da fayil mai ɗauke da lambar sirrin asusun ƙungiya, ko jerin sunayen masu bashi da lambobin salularsu, ya kuma tura. Washegari ya gane, ya goge, ya sake turawa. A ido fayil ya tafi. Amma duk wanda yake da kofin rumbu yana iya komawa shafin jiya ya karanta.

Akwai hanyar sake rubuta tarihi a cire abin tun daga tushe, amma aiki ne mai wuya, kuma ba ya kai wa ga kofin da wani ya riga ya ɗauka ya tafi da shi. Magana zarar bunu ce. Ga misalin nisan da kofi yake iya yi. A ranar 2 ga Fabrairu 2020 kamfanin GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018, ya ɗauki kofin rumbunan da ke buɗe ga jama'a a wurinsa, ya buga su a faifan fim 186, ya kai su cikin wani tsohon ramin haƙar kwal a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, da nufin su yi shekara dubu. Wanda ya goge rumbunsa bayan wannan rana, gogewarsa ba za ta shiga cikin dutsen nan ba.

Don haka idan mabuɗi ya fita, kada ku ɓata lokaci kuna bin sawun wanda ya gan shi. Kwaɗo ake canjawa. Lambar sirrin da ta taɓa shiga rajista, a canja ta a ranar. Sunayen mutane da sirrinsu kuwa, tun fari ba rumbun da kowa ke ɗauka ya kamata su shiga ba.

Salular da ke hannunku

Salula ba da Git take ajiye hotunanku ba, amma tambayoyin ɗaya ne: wannan abu, uwar garke ta san da shi? Idan na goge a nan, ina da ina gogewar za ta kai?

Idan kun kunna ajiyar Google Photos, hoton da kuka goge daga cikin wannan manhaja yana fita daga salula, da uwar garke, da duk wata na'ura mai asusunku. Mutane sukan goge hotuna don su samu wuri, suna zaton kofin sama yana nan, alhali sun aika masa da gogewa. Akwai maɓalli dabam na samar da wuri, wanda yake cire kofin salula kawai ya bar na sama. Abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara na ɗan lokaci kafin ya tafi gaba ɗaya. A Google Drive kwana 30 ne. A nan salula ta gaza Git: tarihinta gajere ne.

WhatsApp ya kawo damar goge saƙo ga kowa a 2017. Gogewar tana kai wa ga wanda kuka aika wa, idan kun yi ta cikin lokaci. Ba ta kai wa ga wanda aka tura wa gaba, ko wanda ya ɗauki hoton allo.

Waƙa da wa'azi da hoton takardar gona da kuka karɓa ta Bluetooth ko Xender, suka sauka a katin ajiya, galibi marasa rajista ne. Babu uwar garken da ta san da su, sai idan kun zaɓe su da kanku. Ranar da kati ya mutu, ko mai gyara ya wanke salula, sun tafi. Kafin ku miƙa salula ga mai gyara, ku cire kati, ku kuma tambaye shi ko aikin zai kai ga wanki.

Haka batun yake ga ma'aikatan da ke zagaya ƙauyuka suna rubuta sunayen magidanta. Manhajoji irin su ODK Collect da KoboCollect an yi su ne su yi aiki ba tare da layi ba. Ma'aikaci yana cike takarda a salula, ya kammala ta, sai ya samu layi ya tura. Takardar da aka bari ba a kammala ba, ba ta tafiya. Wadda aka kammala ba a tura ba, a salula ɗaya take a duniya. Idan salular ta faɗa rijiya a hanyar Buza, sunan gidanku bai taɓa isa ofis ba, ko da kun ga an rubuta shi da idonku. Ba rashin kunya ba ne ku tambayi ma'aikaci cikin ladabi ko ya kammala, da ranar da zai tura, ku kuma nemi maigari ko sakataren kwamiti ya riƙe jerin sunayen a takarda.

Gwaji ga sakataren ƙungiya

Idan ƙungiyarku tana ajiye takardunta a na'ura, akwai gwaji guda da yake fito da marasa rajista fili. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka lokacin da ake rufe lissafi, ku ɗauki wata na'ura dabam wadda ba ta taɓa riƙe aikin ba, ku ɗauko sabon kofi daga uwar garke, ku gwada yin aikin yini guda da shi. Ku nemi jerin mambobi, da lissafin kuɗi, da hotunan takardun filaye, da yarjejeniyar da kuka yi da mai mota. Abin da ya bayyana, yana cikin ajiya. Abin da bai bayyana ba, ku rubuta sunansa a takarda, ku bi shi zuwa na'urar da yake kwance. Idan na kowa ne, a shigar da shi a ranar. Idan na sirri ne, a kwafe shi a kati na biyu, a rubuta kwanan wata a jikin ambulan, a ajiye a gidan ma'aji, ba a ɗakin da kwamfutar take kwana ba.